Jegon Viviane a Garin Inabi

Shafi na 17
Daga Goggo Nazira, Garuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan gidana.

Na ji amsarku tun daga nan, ta zo ku ji ta. Har da wadda ta rubuto cewa in ban sako shafin yau ba za ta hau moto ta zo Yelwa ta ƙwace mini waya. Ki zo mana 'yata, akwai gyaɗa kwano guda da ba a ɓare ba. To ku gyara zama.

Ga wanda yau ya shigo: Dada Dela ce dai, matar marigayi Ishaku manomin auduga na Pitowa, wadda ta dawo Garuwa da zama wurin 'yarta Haula. Ɗanta na fari, Zulkifilu, yana aiki a Pari. Ya auri Bafaranshiya mai suna Viviane, Allah ya ba su ɗa namiji, aka mai da sunan marigayi. Kun tuna tun ranar suna Dada ta kafe a waya cewa mai jego ba ta zama ɗakin miji, sai a mai da ita gaban uwarta ta yi wanka har arba'in. Viviane ta ce to, ta tattara ta tafi ƙauyen iyayenta. Yanzu biza ta fito wa Dada, amma gajera ce, za ta ƙare kafin a yi arba'in. Saura 'yan kwanaki ta tashi.

Ranar Asabar bayan azahar, akwati a buɗe a ƙarƙashin dalbejiya, Dada na cusawa Haula na cirewa.

"Mai da mini kilishin nan."

"Dada, a filin jirgi za su ƙwace. Ba sa barin nama ya shiga."

"Su ƙwace su ci, su san an zo daga Garuwa."

"Zubarwa suke yi."

Dada ta yi tsaki ta bar shi. Kanwa ta shiga, garin kunu ya shiga, yajin jego a cikin gwangwanin madara, busasshen ganyen dalbejiya, zumar Ngaundare, turmin atamfa na Madam Christine uwar Viviane, hula ta Olivier ubanta. A can gefe kuma ta yi wani ƙunshi daban, da tabarma da bargo da buta da filas.

"Wannan fa na mene ne?"

"Na jirgin ƙasa. Ba an ce da jirgin ƙasa za mu je ƙauyen ba?"

Haula ta kama ciki tana dariya. "Dada, ba irin na Ngaundare zuwa Yawunde ba ne, da ake shiga da yamma sai gari ya waye. Wannan kafin ki gama jan carbi kin isa."

"Jirgin ƙasa jirgin ƙasa ne. Ranar da ya tsaya muku a daji za ki nemi bargona."

Suna cikin haka aka yi sallama. Modibbo Sulaimanu ne, yayan Dada, mai makarantar Alƙur'ani a Lopere, ya zo yi mata ban kwana. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba. Dada ta haifi 'ya'ya, ta aurar, ta yi furfura, amma in Modibbo ya ce a'a, maganar ta mutu ke nan.

"Jam na, Hamma?" Dada ta gai da yayanta da Fillanci.

"Jam. Dela, ƙaura za ki yi ne?"

"Wurin angona zan je. Amarya ba ta zuwa hannu wofi."

Angon dai shi ne jinjirin. Sunan mijinta aka sa masa, ita kuwa bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, ba kuma yanzu zai fara ba.

Haula ta shimfiɗa wa Kawunta darduma, ta kawo ruwa. Bai kai ga ajiye kofi ba wayarta ta yi ƙara. Zulkifilu ne a bidiyo. Ta jingina wayar da murfin akwati, duk suka matso.

Aka gaisa. Ya gai da Kawu har da cire hula. Sannan ya gyara murya irin ta wanda ya daɗe yana bitar magana.

"Dada, na gama tsara tafiyar ƙauye. Talata ki sauka, Laraba ki huta. Alhamis da safe mu hau jirgin ƙasa daga Pari, awa ɗaya da 'yan kai mun isa Epernay. Baban Viviane zai ɗauke mu a tasha. Ki ga yaro, ku gaisa da mutane, a yi hoto. Kafin rana ta take mun koma tasha. Na ma sayi biye, wato tikiti, na zuwa da na dawowa."

Dada ta karkata kai.

"Maimaita."

Ya maimaita.

"Kafin rana ta take."

"Eh, Dada."

"Abinci fa?"

"A jirgi za mu ci. Zan yi mana guzuri."

"Surukaina ba su da tukunya ne?"

"Suna da ita. Lokacin girbi ne, aiki ya yi musu yawa."

"Kai, Ɗan Pari." Haka take kiransa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ni zan tsallake Binuwai, in kwana a jirgin ƙasa, in hau na sama, in sake hawa na ƙasa, don in tsaya a bakin ƙofar mutane kamar mai karɓar kuɗin wuta? Matar nan Christine kullum safe da yamma tana dafa ruwa tana yi wa 'yarta wanka a kan maganata. In shiga gidanta in ƙi cin abincinta? Me za ta ce game da uwar da ta haife ni?"

"Ba za ta ce komai ba. Su ba ruwansu da irin wannan."

"Babu macen da ba ruwanta da irin wannan."

Ya sunkuyar da kai yana shafa ƙeya. Dada ta san shafa ƙeyar nan. Haka ya yi ranar da awaki suka shiga gonar maƙwabci yana can yana buga ƙwallo.

Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna daf da wayar.

"Ka ce mini surukinka manomi ne."

"Manomi ne."

"Inabi yake nomawa."

"Inabi."

"A hoton da ka turo, gona ce tun daga gindin tudu har inda ido ya ƙare. Ta maƙwabcinsa ma inabi. Ta gaba da ita inabi. Babu masara, babu gyaɗa, ko kuɓewa gindi ɗaya ban gani ba. Wace kasuwa ce ke cinye inabi haka?"

"Ba kasuwa ake kaiwa ba."

"Ina ake kaiwa?"

"Matsewa ake yi."

"A sha ruwan?"

"A zuba a kwalba."

"A sayar?"

"A ajiye tukuna."

"A ina?"

"A ƙarƙashin ƙasa. Suna da ramuka kamar kogo, masu sanyi."

"Kwana nawa?"

Ya kau da ido daga wayar.

"Da kai nake."

"Shekaru, Dada."

Haula ta juya kai tana kallon katanga. Dada ta lura da ita, ta ajiye wannan a gefe.

"In an buɗe bayan shekarun, kumfa yake yi?"

"Yana yi."

"To. Ni 'yar Pitowa ce. Na wuce ta bayan kasuwar Lahadi, na ga tukwanen bilbil, burkutun can, suna tashi. Abin da aka rufe ya kwana ya tashi da kumfa na san sunansa. Faɗa da bakinka, Kawunka ya ji."

Muryar Zulkifilu ta yi ƙasa.

"Giya ce. Ita ake cewa shampan. Duk yankin sana'arsu ke nan tun kakanni."

Iska ta kaɗo ganye ya faɗa cikin akwati. Babu wanda ya cire shi.

"Ke kuma," Dada ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "kin sani."

"A ofis nake aiki, Dada. Na ga sunan garin a jikin kwalba ranar bikin ƙarshen shekara. Yaya ya roƙe ni in yi shiru."

Modibbo ya ajiye carbinsa a kan darduma. Shi mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa.

"Zulkifilu. Ranar da na ɗaura maka aure na tambaye ka sana'ar uban yarinya."

"Ka tambaya, Kawu."

"Ka ba ni rabi, ka riƙe rabi a aljihu."

"Na ji tsoron ku hana. Wallahi Kawu ban taɓa kai ta bakina ba. Viviane ma ta bari tun kafin aure. Babanta bai taɓa matsa mini ba, ruwa yake ajiye mini a tebur. Mutumin kirki ne."

"Ban ce mugu ba ne. Yanzu na gane jirginka na kafin rana ta take. So kake uwarka ta fita kafin a jera kwalabe."

"Haka ne."

Modibbo ya juyo.

"Dela, ba za ki je gidan ba. A kawo yaron Pari ki gan shi."

"Hamma, mai jego ce. Ɗanyen jiki gare ta, ga sanyin ƙasarsu. A ɗauko ta a sa a jirgi kafin arba'in? Ni da na hana Haula leƙa ko zaure lokacin jegonta?"

"To a kawo yaron shi kaɗai."

"Da nonon wa?"

"Sai ki bari wata shekara."

"Bizar nan sau biyu suna hana ni. Wa ya ce maka za su sake ba ni? Wa ya ce maka zan kai wata shekarar?" Ta nuna kanta da yatsa. "Kuma ni na aike ta can. Da bakina. Yarinya ta ce za ta zauna a Pari, likita na kusa, na ce a'a, gaban uwa. Ta yi mini biyayyar da 'ya'yan Garuwa ma ba sa yi yanzu. Ni na kai angona gidan, Hamma."

"Ba ki sani ba, babu laifi a kanki. Yanzu kin sani. Na gama magana."

Dada ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "To."

Ta jawo akwati. Ta fara cirewa da kanta. Atamfar Christine ta fita. Hular Olivier ta fita. Kanwa, yaji, garin kunu. Daga can ƙasa ta zaro wani ɗan farin zane saƙi, bai fi shimfiɗar jariri ba. Audugar ƙarshe ce da marigayi ya tsinta kafin ya kwanta ciwo. Ita ta kaɗa zaren da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta ɓoye shi shekara da shekaru tana jiran ranar da za a haifa wa ɗanta ɗa.

Ta miƙa wa Haula.

"In na je Pari ki gaya wa yayanki ya kai masa. Ya ce daga kakarsa."

Haula ta ƙi karɓa. Modibbo ya mai da ido kan carbinsa.

Daga cikin waya Zulkifilu ya ce, "Kawu, akwai saura."

"Ka ƙara wani rabin ne a aljihu?"

"Suna da al'ada a gidan. In an haifi yaro, babban gida yana tsoma yatsa a cikin wadda suka yi da hannunsu, ya ɗiga ɗigo ɗaya a leɓen jaririn. Wai don ya san gidansu. An yi wa babanta, an yi wa Viviane."

Hannun Dada ya tsaya a sama da zanen.

"An yi wa angona?"

"Ba a yi ba. Babanta ya ce ba zai yi ba sai ɗaya kakar ta iso, kada a ce an yi abu bayan idonta. Ke yake jira, Dada. Ya ce girmamawa ce. In kuma ba ki samu zuwa ba, za su yi ranar Lahadi da dangi."

"Au," in ji Haula. "Wato dabararka ita ce ku gudu a jirgin safe ku bar musu yaron?"

"Na ce ko Viviane za ta yi ta ja musu rai har a manta."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce ɗana ne, in faɗa wa babanta da kaina, za ta tsaya bayana."

"Ka faɗa?" Modibbo ya tambaya.

"Ya zo mini da maganar a gaban mutane. Surukina ne, Kawu. Ban taɓa haɗa ido da shi ba balle in ce masa a'a. Na sunkuyar da kai na yi shiru."

"Shi kuma ya ɗauka ka yarda."

"Ya rungume ni ma."

Haula ta toshe baki da mayafi. Dada ba ta yi dariya ba, amma ta girgiza kai.

"Kunyar suruki ka kai wa Bature. Ni na koya maka, ban san da ita za ka tsallaka teku ba."

Modibbo ya matso da fuskarsa daf da wayar.

"Ka yi masa huɗuba?"

"Na yi, tun a asibiti. Kunnen dama da na hagu."

"Dabino fa? Ka tauna ka shafa masa a dasashi?"

"Likita ta ce kada a sa masa komai sai nono. Daga baya kuma aka tafi da shi ƙauye."

"Wato har yau bakin yaron nan bai san komai ba sai nonon uwarsa."

"Bai sani ba."

Modibbo ya koma ya jingina da gindin dalbejiya. Can ya sa hannu a aljihun gaba na babbar rigarsa, ya ciro wani ɗan ƙulli. Dabinon Madina ne da wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa tsarabar hajji. Yana ɗauke da shi ko'ina, bai taɓa ba kowa ba, ko jikokinsa sai dai su ji ƙamshi.

Ya kwance ƙullin ya zaɓi mai laushi.

"Zulkifilu, jirgin da ka saya, shi ne na farko?"

"A'a, akwai wanda ke tashi tun da sassafe."

"Canza. Na farkon za ku hau." Ya sa dabinon a tafin Dada. "Ki je, Dela. Na janye. Da na ce kada ki je don in tsare ki ne. Yanzu akwai wanda ya fi ki bukatar tsaro, kuma uban nasa ba ya iya ɗaga kai."

Dada ta damƙe dabinon. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ƙwaro ne.

"Amma ki ji. Teburin da aka jera kwalba, ba ki zama. In sun ba ki tsaraba a kwalba, ki yi godiya ki ce ba kya iya ɗauka."

"Abinci kuwa zan ci, Hamma."

"Kifi da ganye."

"Da burodi."

"Da burodi. In kin isa, kafin a gama gaisuwa ki karɓi yaron ki shiga ɗaki, ki riga su."

Dada ta juya dabinon a hannu.

"Wannan kam ban yarda ba."

Haula ta zaro ido. Ba ta taɓa jin uwarta ta faɗa wa Kawu haka ba.

"Mutum ya riƙe hannunsa sati da sati yana jirana don kada a yi abu bayan idona, ni kuma in shiga gidansa in yi masa bayan ido? In na riga shi ranar Alhamis, ranar Lahadi ina ina? Ina Pari ina kallon bango, shi yana tsoma yatsa."

Modibbo ya shafa gemunsa.

"Hamma, ka tuna ranar da na haifi wannan?" Ta nuna wayar da haɓa. "Lokacin tsintar auduga ne. Aka je gona aka gaya wa babansu. Ya shigo ko ƙafa bai wanke ba, da curin auduga a hannu, ya buɗe yatsun jariri ya cusa masa. Ungozoma tana ta faɗa. Ya ce a bar shi, so yake gona ta san mai ita."

"Na tuna. Ni na kore shi waje."

"To shi ma wancan manomi ne. Ba maye yake so ya sa wa jikansa ba, so yake gonarsa ta san yaron. Ina tambayarka a matsayin malami, ba yaya ba. Inabi ɗanye, yanzu aka tsinko shi daga jikin uwarsa, aka matse tsakanin yatsu biyu. Mene ne hukuncinsa?"

"Halal ne kamar ruwan rijiya."

"Shi ke nan. Ɗan Pari, kira mini surukinka."

"Yanzu, Dada?"

"A'a, bayan Lahadi. Kira shi. Haula ce za ta fassara, kai in na ba ka magana sai ka wanke ta ta zama salam."

Zulkifilu ya danna. Fuskar wayar ta rabu biyu. Ta yi ta ƙara, har Dada ta fara cewa ko yana salla, Haula ta taɓa ta. Sai ga wani dattijo ja, mai farin gashin baki, da malafa a kai da almakashi a hannu. Bayansa layin inabi ne kore shar, mutane suna sunkuye da kwanduna.

"Madam Dela," ya ce, ya cire malafar.

Dada ta ja mayafi ta gyara.

"Bonjur, Misye Olivier. Haula, ki ce ina gajiya. Ki ce yaya mai jego, yaya Madam, yaya wahalar dafa ruwa. Ki ce yaya aikin gona, Allah ya ba da alb..." Ta tsaya, ta saci kallon Modibbo. "Allah ya ba da lafiya."

Modibbo ya juya fuska gefe, amma kafaɗarsa ta ɗan motsa.

Olivier ya amsa da fara'a. Ya ce mai jego ta yi ƙiba, matarsa ta ƙone yatsa sau biyu da ruwan zafi amma ta ƙi bari, yaro kuwa ba ya barin kowa barci.

"Ki ce halin mai sunansa ne. Yanzu ki faɗa masa daidai yadda na faɗa, kada ki rage. Na ji al'adar gidansa, na kuma ji ya jira ni, na gode. Shirun da yaron nan ya yi masa ba yarda ba ce, kunya ce, mu haka muke yi wa surukai, laifina ne. Addininmu ya hana abin kwalba, ko ɗigo. Mu ma muna da tamu al'adar, dabino ne, ga shi a hannuna. Ban zo in ture tasa in kafa tawa ba. Ina roƙonsa, ranar Alhamis ya tsinko inabi ɗaya daga gonarsa da hannunsa, ya matsa wa jikansa a leɓe, ni in bi da dabino. Gonarsa ta san yaron, mu ma namu su san shi."

Haula ta fassara. A ɗaya rabin wayar, Zulkifilu ya rufe fuska da tafi.

Murmushin Olivier ya ɗauke. Ya dubi almakashinsa. Ya dubi layin inabin. Ya kira sunan Zulkifilu ya yi masa wata gajerar tambaya, Zulkifilu ya ɗaga kai, karo na farko, ya amsa da kalma ɗaya.

"Me ya ce?"

"Ya tambaye shi ko gaskiya ne bai so. Yaya ya ce gaskiya ne."

Dattijon ya busar da iska. Ya yi tafiya kaɗan cikin layin, wayar na rawa, ya tsaya a wani gindi da 'ya'ya suka yi masa nauyi. Ya cire ƙyallen wuyansa ya ɗaura a jikin reshen. Ya yi magana mai tsawo.

Haula ta fara murmushi tun bai gama ba.

"Ya ce jibi suke gama girbi, komai za a kai wurin matsa. Amma wannan gindin ya ɗaure shi, babu mai taɓawa sai kin zo. Ya ce inabin ai shi ne asali, kwalba daga baya ta zo. Ya ce ranar Alhamis ba za a sa kwalba a tebur ba, kuma in kika hau jirgi ba ki ci abincin matarsa ba, shi za a kora daga gidan."

"Ka ji ko, Ɗan Pari? Babu macen da ba ruwanta. Ka canza biyen nan duka biyu. Da jirgin farko za mu je, da na ƙarshe za mu dawo. Haula, mai da atamfar nan. Da zanen. Bargon ma."

"Alhamdu lillahi," in ji Modibbo a hankali. Ya fara ɗaure ƙullin dabinonsa.

Amma Olivier bai ajiye waya ba. Ya mai da malafarsa, ya waiwaya wajen gida kamar mai tsoron a ji shi, ya rage murya. Haula ta saurara. Murmushinta ya tafi.

"Fassara mana."

"Ya ce shi ya yarda da zuciya ɗaya. Amma ya ce yatsan da ake tsomawa ba nasa ba ne."

"Na wa?"

"Na mahaifiyarsa. Tana da rai, Madam Hortense. Ta haura casa'in. Ita ta ɗiga masa, ita ta ɗiga wa Viviane. Tun ranar da aka haifi yaron ta sa aka fito mata da kwalbar daga rami, tana ajiye a ɗakinta. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya ce mata a'a ba."

Zulkifilu ya sake kai hannu ƙeya.

"Akwai tsohuwa a gidan," in ji Dada, "shi ne tun ɗazu kuka bar ni ina ɓata bakina da yara?"

"Ya ce kuma ta ce ranar Alhamis da ita za a zo tasha. Tana so ta ga matar da ta sa aka dafa mata jika da ruwan zafi."

Dada ta miƙe. Ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa tamau.

"Haula, shiga ki buɗe adaka. Leshin nan na can ƙasa da nake ajiye wa biki, fito da shi."

Modibbo ya dubi ƙullin da ya gama ɗaurewa. Ya dubi ƙanwarsa. Ya miƙa mata shi gaba ɗaya.